Yadda sunan wani ya kusa cinye wa ƙanena aiki a New York

Wata Talata bayan isha'i ƙanena ya kira ni, ɗan ƙanwar mahaifiyata ne amma ɗaki ɗaya muka tashi a Fagge, yanzu kuma duk muna Bronx tsakaninmu tasha uku a jirgin ƙasa. Muryarsa har rawa take. Ya ce Yaya, wai ni na yi fashi. Na ce kai wane irin fashi kuma, ya ce wallahi ga shi a rubuce, sunana ne, ranar haihuwata ce, wai an ɗaure ni a kan fashi a Brooklyn. Mutumin da ko kazar layya ba ya iya kallon yankanta.

Abin da ya faru shi ne ya nemi aiki a wani babban sito, sun yi masa intabiyu sun ce sun ɗauke shi, saura binciken baya kawai, wato su duba ko yana da tarihin laifi. Su ba da kansu suke binciken ba, wani kamfani suke biya ya yi musu, kamfanin kuwa ya dawo da rahoto mai ɗauke da feloni. Ga wanda bai saba da kalmar ba, a nan laifi hawa uku ne. Feloni shi ne babba, wanda ɗaurinsa zai iya wuce shekara ɗaya, kuma a jihar New York an kasa shi daga A zuwa E, A ne mafi muni, can ne kisan kai yake. Ƙasa da shi akwai misdimina, ɗaurinsa ba ya wuce kwana 364. Kada ka ce na yi kuskuren lissafi, da 365 ne, a 2019 aka zare kwana ɗaya da gangan saboda baƙi, domin a dokar shige da fice ta tarayya laifin da hukuncinsa ya kai shekara cif yana iya jawo wa mutum kora daga ƙasar. Sai na ƙasa can, saɓa doka irin su tayar da hayaniya a titi, wanda bai wuce kwana 15 ba, shi doka ba ta ma kiransa babban laifi. Fashi dai ko wane iri ne feloni ne a nan.

Abu ɗaya ya taimake mu tun a daren, shi ne takardar tana hannunsa. Dokar tarayya ta 1970 da ke kula da irin waɗannan rahotanni ta ce mai aiki ba zai ƙi ka saboda rahoto ba sai ya fara ba ka kwafinsa, kuma in ka ce ƙarya ne kamfanin da ya rubuta yana da kwana 30 ya sake bincike. Birnin New York kuma yana da tasa dokar tun 2015, ba a tambayarka tarihin laifi sai bayan an yi maka tayin aiki, in an ga wani abu kuma dole a riƙe maka gurbin aƙalla kwana biyar na aiki ka kawo bayaninka. Kwana biyar. Shi ne duk abin da muke da shi, ga shi mu duka biyun ba wanda ya taɓa neman irin wannan takarda a ƙasar nan.

Ni a kaina abin kamar na gida ne. A Najeriya ka san takardar shaidar hali guda ce ta 'yan sanda, rajistar masu laifi tana Alagbon a Legas, 'yan uwanmu na Nijar kuma kotu suke zuwa su karɓo kaziye, takardarsu ta tarihin laifi, shi ke nan. To a nan ba haka ba ne, kuma rashin sanin wannan ya ci mini dala 95 a daren farko. Na hau intanet na ga ofishin da ke kula da kotunan jiha yana yin bincike na duk ƙananan hukumomi 62 na jihar, ka ba da suna da ranar haihuwa ka biya 95 su turo maka sakamako. Na ce ai ga magani, na zaro kati na biya. Sakamako ya zo, fashin nan dai na Brooklyn ne ya sake fitowa, har da lambar shari'a. Ƙanena ya dube ni ya ce Yaya kai ma ka sayo mini laifin da kuɗinka. Ba laifin ofishin ba ne, sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa suna da ranar haihuwa kawai suke bi, ni ne ban tsaya na karanta ba, garaje ya hana.

A nan ne matsalarmu take, mu 'yan Afirka ta yamma, kuma ina ganin da yawanmu ba su taɓa zama sun yi tunaninta ba. Na farko sunayenmu. Bature yana da sunan dangi da ya gada tun kakan kakansa, mu kuwa sunan uba muke ɗorawa, sunan uban kuma cikin guda ashirin ɗin nan ne da kowa ke juyawa, Muhammad, Ibrahim, Abubakar, Usman, Abdullahi, Musa. Ba mu kaɗai ke juya su ba, ɗan Gana na zango yana da su, ɗan Gini da ɗan Mali da ɗan Gambiya suna da su, har ɗan Bangaladash da ke sayar da shayi a kwanar layinmu. Na biyu ranar haihuwa. Mu nawa aka haifa a gida ba takardar asibiti, sai da muka girma za a yi jarrabawa ko fasfo aka je kotu aka yi rantsuwar shekaru, akawu ya tambayi wata da rana aka yi shiru, ya rubuta 1 ga Janairu ya wuce. Ƙanena 1 ga Janairu ne. Wancan bawan Allah na Brooklyn shi ma 1 ga Janairu, shekara ɗaya, suna ɗaya har harafi. Kwamfuta me ta sani, ta ga biyu sun yi daidai ta haɗa su aure.

Kuma abin yana juyawa ta ɗaya gefen ma, in kai ne kake neman tarihin wani. In ka rubuta Mohammed shi kuma a kotu Muhammad aka rubuta, ko Mamadou, binciken zai dawo fes ba komai, kai kana murna alhali ba mutumin ka duba ba. Kowane rubutu daban kuma 95 ɗinsa daban.

Da asuba a masallaci na ba wani dattijo labari, mutumin Kumasi ne, ya fi shekara talatin yana tuƙin tasi a garin nan, babu ofishin da bai sani ba. Ya saurare ni har na gama sannan ya ce yaro, suna na kowa ne, yatsa kuwa naka ne kai kaɗai, ku je a ɗauki yatsunsa. Ya ce duk wanda aka taɓa kamawa aka ɗauki zanen yatsunsa a jihar nan akwai lamba da ake ba shi wadda ba ta canzawa ko ya canza suna sau goma, wancan ɗan fashin yana da tasa lambar, ku nuna ba ta ɗanku ba ce. Na ce Baba Allah ya saka da alheri, ya ce ka biya kuɗin koko kawai.

Muka hau jirgi mai lamba 4 tun daga Bronx har tashar Brooklyn Bridge, daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa One Police Plaza, hedikwatar 'yan sandan birni. Can ake ba da abin da suke kira Certificate of Conduct, dala 50, da yatsu ake yi ba da suna ba, ka je da fasfo ko wata shaida mai hoto, kuma ka fara duba shafinsu ka kama rana kafin ka kwashi ƙafa. Ba a ranar ake ba ka ba, sai ka jira kwanaki. Abin da ya kamata ka riƙe game da ita shi ne iyakarta birni ne, wato Bronx, Brooklyn, Manhattan, Queens da Staten Island, in mutum ya yi ta'asarsa a Yonkers da ke nan bakin Bronx ko a Buffalo ko ya tsallaka kogi zuwa New Jersey wannan takarda ba ta san zancen ba. Mu dai ta yi mana tunda a Brooklyn aka ce an yi fashin.

Amma kwana biyar ba za su jira ta ba, don haka muka yi wata dabara. Muka je kotun Brooklyn da ke 320 Jay Street da lambar shari'ar nan da na saya da 95 ɗina, ashe dai kuɗin bai tafi a banza gaba ɗaya ba. Wani abin dariya, kotun da ke shari'ar feloni a birnin nan sunanta Supreme Court, in ka fassara ka ce kotun ƙoli, amma ba ita ce ƙoli ba, nan ake fara shari'ar ma, ta ƙolin gaske tana Albany da wani suna daban. Na daɗe kafin wannan ya zauna mini a kai. A tagar magatakarda muka nemi takardar ƙarshen shari'a, ita ce Certificate of Disposition, dala 10, takarda ɗaya mai hatimin kotu da ke faɗin ranar kamu, tuhumar da aka yi, da yadda aka ƙare. Shari'ar da ba a rufe ba kowa na iya nema. Muna karɓa na duba ranar kamu sai na ji sanyi har ƙafa, shekara biyu ne kafin ƙanena ya taka ƙasar Amurka, a lokacin yana Kantin Kwari yana auna shadda. Muka yi fotokwafin fasfonsa shafin biza da sitamfin ranar da ya sauka a filin jirgin saman JFK, muka haɗa da rasit ɗin 'yan sanda na ɗaukar yatsu, ya rubuta wasiƙa gajera, aka tura wa mai aikin da kamfanin binciken a rana ta huɗu.

Na ɗauka an gama. Sai wata lauya da muka samu kyauta ta wata ƙungiyar taimakon shari'a, irin su Legal Aid Society da Bronx Defenders suna da yawa a garin nan kuma ba sa karɓar ko sisi daga talaka, ta ce tunda kun fara ku nemo fayil ɗinsa na jiha ma ku ga abin da gwamnati ta rubuta a kansa. Wannan yana hannun wani ofishi a Albany da ake kira DCJS, shi ma yatsu ne, ana ɗauka a shagunan IdentoGO, kuma kai kaɗai za ka iya neman naka ko lauyanka, maƙwabci ko suruki ba zai samu ba. Iri biyu ne, akwai wanda aka ɓoye shari'o'in da aka rufe, akwai cikakke mai nuna komai. Ta ce ku nemi cikakken. Na ga ƙanena ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

A hanya ya ce Yaya akwai maganar da ban taɓa gaya maka ba. Shekararsa ta farko, kafin ya samu takardu su daidaita, ya ɗan taɓa sayar da jakunkunan mata a Canal Street, irin masu tambarin manyan kamfanoni amma na jabu, wata rana aka yi samame aka kwashe su, ya kwana ɗaya a tsare, washegari aka kai shi gaban alƙali a 100 Centre Street, lauyan gwamnati ya ce masa ka je kada ka sake shiga matsala wata shida za a kori ƙarar. Ya yi wata shidansa lafiya, bai sake jin komai ba, shi a wajensa abin ya mutu. Ni kuwa shekara nawa muna cin tuwo kwano ɗaya ban sani ba. Na yi fushi na minti biyar, sannan na tuna ni ma akwai abubuwan da ban aika gida ba.

Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren. Wannan tsarin na jinkirta shari'a a kore ta, ACD suke ce masa, in ya cika ana korar ƙarar a rufe fayil, ba hukunci ba ne, ba amsa laifi ba ne, mai aiki ba zai gani ba kuma bai kamata ya tambaya ba. Shi ya sa takardar 'yan sanda ta fito fes, shi ya sa bai fito a binciken 95 ba. Amma a cikakken fayil na jiha yana nan zaune da ranarsa. Lauyar ta ce wannan fayil naka ne, ka adana a gida, kada ka miƙa wa mai aiki. Sannan ta faɗi maganar da ta sa na zauna rubuta wannan dogon surutu, ta ce rufewa ta jiha ce, hukumar shige da fice ta tarayya ce, ba ruwanta da rufewar New York. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ko an taɓa kama ka ko tsare ka, ko da sau ɗaya, ko da an kori ƙarar, ko da an rufe. Su ma yatsu suke ɗauka su aika FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya. In ka ce a'a suka ga e, jakar Canal Street ba ita za ta kayar da kai ba, ƙaryar ce. Ƙanena kuwa saura 'yan watanni ya cika shekara biyar da girin kati, wato katin izinin zama na dindindin, fom ɗin ma ya riga ya fara cikewa, kuma a'a ya yi niyyar sakawa, da zuciya ɗaya, don shi ya yarda babu komai.

Sai ga mu a 100 Centre Street muna neman wata takardar ƙarshen shari'ar, wannan karon tasa ta gaskiya. Tunda fayil ɗin a rufe yake ni ba za a ba ni ba, sai shi da kansa da shaida mai hoto, ko wanda ya ba wa izini a rubuce da hatimin notari, wato mai tabbatar da sa hannu. Dala 10 ita ma. Ya karɓi biyu, lauya ta ce ko yaushe ka karɓi fiye da ɗaya. Ka lura kotun da aka yi shari'ar nan za ka koma, in a Bronx ne sai titin 161 kusa da filin wasan Yankee, in a Queens ne sai Queens, ba a ba ka ta wata unguwa a wata.

Na FBI kuwa dala 18 ne, ka cike ta intanet ka je a ɗauki yatsunka, wasu gidajen waya suna yi amma da nasu cajin daban. Shi ne ke tattaro abin da jihohi suka aika, don haka wanda ya zauna Ohio ya koma Texas ya dawo nan shi ya kamata ya nema, kuma yawanci shi ofisoshin jakadanci ke so in za ka koma wata ƙasa aiki, wani lokaci har sai an kai shi ma'aikatar harkokin waje an buga masa hatimi. Aibinsa ɗaya, sau da yawa za ka ga kamu a rubuce amma ba a rubuta yadda aka ƙare ba, sai ya zama kamar shari'ar tana nan a buɗe, nan ma takardar dala 10 ɗin nan ce ke rufe bakin kowa. Laifin da aka yi shari'arsa a kotun tarayya kuma, irin su damfara ta intanet ko safarar ƙwaya tsakanin ƙasashe, ba ya cikin binciken kotunan jiha sam, shi sai a PACER, shafin intanet na kotunan tarayya, santi 10 kowane shafi.

Tun da labarin nan ya bazu a majalisarmu mutum uku sun zo mini da maganar aure, wai in duba musu wanda ke neman 'yarsu. Ban ƙi ba, bincike kafin aure ai al'adarmu ce, a gida ma ana tura mutum unguwar su yaro ya tambayo asali. Abin da nake gaya musu shi ne binciken suna zai iya ba ka laifin wani ya kuma ɓoye maka na mutumin, ga shi kun gani a kanmu, kuma wanda bai taɓa shiga hannu ba ba shi ne mutumin kirki ba, mugu da yawa bai taɓa ganin ƙofar kotu ba. Ƙari a kan haka jihar ta yi sabuwar doka, gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a Nuwamba 2023 ta fara aiki Nuwamba 2024, misdimina za a rufe shi da kansa bayan shekara uku, feloni bayan takwas, ana lissafi daga ranar hukunci ko ranar fitowa daga gidan yari, muddin mutum bai sake yin wani ba kuma ba ya ƙarƙashin sa ido, ban da laifukan fyaɗe da irinsu da manyan na ajin A kamar kisa. An ba kotuna har 2027 su gama aikin. Wani Alhaji a majalisa ya ce wannan ɓoye ɓarayi ne. Ni ban yarda da shi ba, mutumin da ya yi shekara takwas bai taɓa kowa ba a bar shi ya ci abinci mana, in ka hana shi aikin sito ina kake so ya koma. Amma na gaya wa samarinmu kada wannan doka ta ruɗe su, ita ma ta jiha ce, a gaban shige da fice komai yana nan a buɗe.

Kamfanin binciken ya gyara rahotonsa cikin sati na uku, ba ko ban haƙuri, imel ne layi biyu. Mai aikin dai ya yi halacci ya riƙe gurbin, ƙanena yana can yana aikin dare yana ƙorafin sanyi. Ya sayi wata jakar roba mai zif ya zuba komai ciki, takardar 'yan sanda, ta kotun Brooklyn ta mai sunansa, tasa ta Manhattan, fotokwafin fasfo, domin lauya ta ce wannan kamfani ɗaya ne ya gyara, akwai wasu da yawa masu sayar da irin wannan rahoto kuma kowanne da rumbunsa, duk ranar da ya nemi sabon aiki ko hayar gida mutumin Brooklyn zai iya sake fitowa. A N-400 ya saka e, ya liƙa takardarsa.

Jiya da dare na ɗauko nawa fasfon ina neman wani abu daban, idona ya faɗa kan ranar haihuwa. 1 ga Janairu. Sunana kuwa in ka kira shi a masallacin Juma'a na titinmu sahu guda ne zai waiwayo. Na kama ranar Alhamis mai zuwa a je a ɗauki nawa yatsun, ƙanena ya ce zai raka ni, wai yanzu shi ne ya san hanya.